Yadda Za Ka Ci Moriyar Ranar Tsofaffin 'Yan Besbol a Filin Yankee

Duk Bahaushen da ke zaune a Bronx ta birnin New York, ko daga Kano ya zo ko Maraɗi ko zangon Kumasi, ya san filin wasan Yankee ko da bai taɓa leƙa cikinsa ba. Jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa yake bi, ranar wasa kuma mu direbobin tasi ne muke fara ji a jikinmu, don titi na 161 cushewa yake yi. Yawancin mutanenmu ba ruwansu da besbol, hankalinsu yana kan Arsenal da Barcelona, kuma ban ga laifinsu ba. Wasa ne mai sanyin jiki, wanda bai taso da shi ba zai iya yin gyangyaɗi kafin a kai rabi. Amma akwai rana guda a shekara da nake cewa kowa ya daure ya shiga. Ita ce ranar tsofaffin 'yan wasa, wadda suke kira Old-Timers' Day.

A ranar, kulob ɗin New York Yankees yakan gayyato waɗanda suka buga masa wasa a da, wasu sun bari shekara biyar da suka wuce, wasu shekara hamsin. Su sake sa farar rigar nan mai zanen layi-layi, a kira su ɗaya bayan ɗaya, jama'a su tafa musu, sannan masu sauran ƙarfi su ɗan taɓa wasa kafin a fara na gaske. Tushen abin ya koma 4 ga Yuli, 1939, ranar da aka tara tsofaffin abokan wasan Lou Gehrig don yi masa bankwana, bayan ciwon shanyewar jijiya ya tsayar da shi daga wasa 2,130 da ya buga a jere ba fashi. Bai cika shekara biyu ba bayan nan ya rasu. Kulob ɗin kuwa daga 1947 yake ƙirga bikin a matsayin na shekara-shekara.

Abu na farko shi ne ka san ranar. Ba ta da tsayayyen wata. An sha yin ta a Yuni, a shekarun nan kuma an fi karkata zuwa Agusta ko Satumba, kuma a ƙarshen mako ake yi, da rana. Kulob ɗin yakan sanar tun da wuri a jadawalinsa na intanet, to da zarar ka gani ka sayi tikiti, don kuɗinsa hawa yake yi idan aka ji wani babban suna zai zo. Tikiti ɗaya ne, shi zai ba ka bikin tsofaffi da kuma wasan gaske da ke biye. A waya ake nuna shi yanzu, saboda haka ka cika cajinka kafin ka fito, kuma ka riƙe katin banki, don cinikin cikin filin da kati ake yi.

Wajen zaɓen kujera kada arha ta ruɗe ka. Bencinan da ke can ƙarshen fili, bayan katanga, suna cikin mafi sauƙin kuɗi, kuma nan ne matattarar 'yan ga-ni-kashe-nin kulob ɗin, amma ba su dace da wannan rana ba. Ba majingina, rana tana dukan tsakar kai, babban allon bidiyo kuma yana samanka ta baya, ga shi a kansa ake nuna fuskokin tsofaffin da hotunan ƙuruciyarsu. Gara ka hau benen ƙarshe na sama, shi ma da sauƙi, ka nemi ɓangaren tasha ta uku. Daga nan kana fuskantar rumfar 'yan wasan Yankees, inda tsofaffin suke fitowa, allon ma yana gabanka.

Na ce tasha ta uku, bari in yi maka bayanin wasan a gurguje, don abin da kake bukata a ranar bai da yawa. Ƙungiya biyu ce, mutum tara-tara. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da sanda. In ya buga sai ya ruga tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo inda ya fara, wato gida, ya ci maki ɗaya ke nan. Tsakanin kowace tasha ƙafa 90 ne. In ƙwallon ta tsallake katanga an yi homron, sai ya zagaya abinsa a tsanake. In aka fitar da mutum uku, masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu. Wasan gaske zagaye tara ne. Na tsofaffi biyu ne ko uku, gwargwadon abin da gwiwoyi suka yarda.

Babban shirin da za ka yi a gida shi ne sanin mutane. Wanda ya je bai san kowa ba, dattawa masu tumbi kawai zai gani suna ɗaga hula. Kulob ɗin yakan fitar da sunayen masu zuwa kafin ranar, kuma a 'yan shekarun nan yakan ɗora bikin a kan wata tawaga guda: a 2023 an tuna da zakarun 1998, a 2024 na 2009, a 2025 na 2000. Ka ɗauki sunaye biyar ko shida daga jerin, ka nemi bidiyonsu a YouTube lokacin suna ganiyarsu. Ka ga Reggie Jackson a 1977 yana buga homron uku da jifa uku a wasan da ya ba su kofi. Ka ga siririn nan Ron Guidry a 1978, shekarar da ya ci wasa 25 aka ci shi uku kacal. In ka ga wannan da daddare, washegari kuma ka ga mutumin da furfura yana taka fili a hankali, za ka gane abin da ke sa jama'a miƙewa tsaye.

Ka haddace lambobi kuma, don rigar Yankees ba a rubuta suna a bayanta. Lamba ce kawai. Daga 1 zuwa 9 duk an jingine su, ba mai sake sa su: 2 ta Derek Jeter ce, 3 Babe Ruth, 4 Gehrig, 5 Joe DiMaggio, 7 Mickey Mantle, 8 kuwa mutum biyu aka jingine wa, Bill Dickey da Yogi Berra. In da yaranka haifaffun nan za ka je, su sun san Aaron Judge mai lamba 99, sai ka bi ta kansa ka jawo su: homron 62 da ya buga a 2022, tarihin wa ya karya? Na Roger Maris ne, mai lamba 9, wanda ya buga 61 a 1961. Da haka yaro yake gane cewa gwaninsa ma ya tarar da wasu.

Ranar kanta, sammako shi ne komai. Lokacin da aka rubuta a tikiti na wasan gaske ne, bikin tsofaffi kuwa yakan fara wajen awa biyu kafin nan, shi ya sa kullum sai ka ga wasu suna shigowa da sha'aninsu bayan an gama abin da suka biya kuɗi dominsa. Ka bar mota a gida, kuɗin ajiye ta a unguwar ranar wasa ya isa cefanen kwana biyu. Jirgin 4 ko D zai sauke ka a tashar 161, a bakin filin. In ka iso ƙofa ba a buɗe ba, tsallaka titi ka ga inda tsohon filin yake, wanda aka buɗe a 1923 aka bar shi a 2008. Yanzu filin unguwa ne, yara suna buga nasu besbol ɗin a wurin.

Ana buɗe ƙofa ka nufi Monument Park, wani ɗan lambu da ke bayan katangar tsakiya, inda aka jera lambobin da aka jingine da allunan tagulla masu fuskokin manya. Layinsa yana da tsawo kuma ana rufe shi da wuri, to shi za ka fara gamawa. Ni dai a nan nakan tsaya gaban lamba 32, ta Elston Howard, baƙar fata na farko da ya buga wa Yankees. A 1955 ne, shekara takwas bayan Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar babbar gasar besbol a kulob ɗin Brooklyn. Kulob mai wannan suna ya yi nawa ƙwarai a kan wannan, kuma ya kamata yaranmu su san haka tare da sanin kofuna 27 da yake taƙama da su.

Daga nan ka koma kujerarka ka duba maƙwabtanka. Nemi dattijo mai tsohuwar hular da ta koɗe, musamman in ka ga takardar rubuta sakamako a cinyarsa da guntun fensir a kunne. Gaishe shi, ka ce masa kai baƙo ne a harkar. Ba'amurke ba ya son a dame shi a jirgin ƙasa, amma a wannan rana neman wanda zai ba labari yake yi. Ni wani dattijo ɗan Dominika, maƙwabcina a bene, shi ya fara ja na zuwa, kuma rabin abin da na sani daga bakinsa na ji. Yakan gane ɗan wasa tun kafin a kira sunansa, daga yadda yake tafiya kawai. Sai ya dafa gwiwata ya ce wancan mai ɗingishin, a da babu wanda ya kai shi gudu a filin nan.

Kiran sunaye shi ne zuciyar ranar, kada ka tashi sayen komai a lokacin. Mai gabatarwa ba ya fara faɗin suna. Sai ya jero abin da mutum ya yi tukuna, shekarar da ya zo, kofunan da ya ci, ranar da ya ceci kulob, yana jan rai, kamar yadda maroƙi yake wasa tsohon ɗan dambe da kirari kafin ya ambaci sunansa. Kafin ya kai ƙarshe masu sani sun gane, tafi ya fara tashi daga can sama, sannan sunan ya fito, mutumin ya hauro daga rumfa yana ɗaga hula. Da ƙanana ake farawa, waɗanda suka yi shekara biyu ko uku suka wuce, a ajiye manya a ƙarshe. A zamanin DiMaggio ba a ma tambaya, shi ne na ƙarshe, kuma sai an kira shi gwanin da ya fi duk masu rai, laƙabin da aka ba shi a 1969 ya riƙe shi kam har ya rasu a 1999.

Ka tafa wa ƙananan ma. Wani shekara da shekaru ba wanda ya tsayar da shi a hanya ya ce ya san shi, yau kuma ga dubban mutane suna kiran sunansa. Ka lura da fuskarsa a allo, za ka ga yana dariya yana haɗiye wani abu.

Akwai abu biyu da za su zo da ya kamata ka san ladabinsu. Ana gabatar da matan wasu 'yan wasa da suka rasu, kuma tafin da ake yi wa matar marigayi Thurman Munson, kyaftin ɗin da ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Agustan 1979 yana ɗan shekara 32, yakan kai na manyan taurari. Ana kuma tunawa da waɗanda suka rasu tun bayan bikin bara. Nan kowa yakan yi tsit, maza su cire hula. Ka sa wayarka a aljihu, ka kwaɓi yara. Waɗanda suka daɗe suna zuwa sun saba ganin Yogi Berra da Whitey Ford a ƙarshen jeri, ana kawo su a ƙaramar motar fili da tafiya ta fara yi musu wuya. Berra ya rasu a 2015, Ford a 2020. Shi ya sa in ka ga sunan wani mai shekara tamanin a jerin bana, kada ka ce sai baɗi.

Wani lokaci kulob ɗin yakan ɓoye abin mamaki. A 1978, kwana biyar bayan manaja Billy Martin ya ajiye aiki cikin rigima da mai kulob George Steinbrenner da Reggie Jackson, sai aka sanar a tsakiyar bikin cewa zai dawo, ya fito da gudu cikin riga, fili ya kaure. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2015. An shirya karrama Willie Randolph da allo a Monument Park, kowa ya san da wannan. Sai aka ƙara da Mel Stottlemyre, tsohon mai jifa kuma kocin masu jifa a shekarun da suka yi ta cin kofi, wanda ya daɗe yana fama da sankarar ɓargo, ya zo yana dogara sanda, bai san an shirya masa komai ba. Da aka ba shi makirfo ya ce in wannan ce zuwansa ta ƙarshe, zai tafi da abin da ya gani yau ya kafa wata ƙungiyar a can lahira. Ya rasu a farkon 2019.

Sai wasan. A nan ka ajiye duk ma'aunin da kake auna ɗan wasa da shi. Mutumin da a da yake wurga ƙwallo da gudun mil 95 a awa, yanzu lallaɓo ta yake yi, ta yi baka a sama, wani lokaci ta faɗi ƙasa kafin ta iso, mai bugu ya tsaya yana yi masa dariya. Wani zai buga mai kyau, ya zabura da niyyar gudu, taku huɗu sai jiki ya tuna masa, ya ƙarasa ƙafa 90 ɗin nan yana riƙe da ƙugu, mai tsaron tashar kuma, tsohon abokin ɗakinsa, ya rungume shi maimakon ya fitar da shi. Alƙalin wasa ma ido yake kawarwa. Abin da za ka sa wa ido shi ne salo, don shi ba ya tsufa. Yadda mutum yake tsayuwa, yadda yake kaɗa sanda kafin jifa, yadda yake ɗaga ƙafa, duk suna nan yadda ka gan su a bidiyon shekara talatin da suka wuce. Ƙarfin ne ya tafi.

Jefi-jefi kuma ƙarfin yakan leƙo. A 1973 Mickey Mantle ya buga wa amininsa Whitey Ford homron a wannan biki. A 2016 Hideki Matsui, ɗan Japan ɗin da ya zama gwarzon gasar ƙarshe ta 2009, ya ɗaga jifar David Cone har bene na biyu. A 2019 Mariano Rivera, ɗan Panama, wanda aikinsa duk rayuwarsa jifa ne ba bugu ba, ya buga ƙwallo ta gangara can cikin fili, kafin dattawan da ke tsaro su cim mata ya zagaye tashoshin duka ya dawo gida. Wanda har yau ake ba da labarinsa kuwa a wani wasan tsofaffi na daban aka yi shi a Washington, a 1982: Luke Appling, yana da shekara 75, ya tsallakar da jifar Warren Spahn bayan katanga. An matso da katangar kusa, gaskiya ne, amma mutumin nan homron 45 kacal ya buga a shekara ashirin da ya yi yana wasa.

Wasan yana da haɗarinsa. Bayan annobar korona ta hana bikin a 2020 da 2021, da aka dawo sai aka yi shekara uku ana kiran sunaye da hira kawai, ba wasa. A 2025 aka maido shi, kuma a ranar Rivera, yana da shekara 55, agararsa ta tsinke a fili. Wasu suka ce ka gani, dama gara da aka daina. Ni ban bi su ba. Hira da tsohon ɗan wasa a kan kujera kana iya ganinta a talabijin kowane mako. Abin da ba ka samu a ko'ina shi ne ka gan shi da sanda a hannu yana jiran jifa, kuma su kansu da ka ga yadda suke zolayar juna a rumfa ka san ba dole aka yi musu ba. A rage zagayen, a bar masu ciwon gwiwa su zauna, a samo matasa su yi wa dattawa gudu, amma a bar wasan. Kafin ka sayi tikiti dai ka duba sanarwar shekarar, ko da wasa ko babu, don kada ranka ya ɓaci.

Maganar sa hannu, kada ka ɗora rai. In kana so ka gwada, ka zo da ƙwallo da biro mai shuɗin tawada, don tawadar maka tana bajewa a fata in an daɗe, ka sauka kusa da rumfa da wuri, ka tura yaro gaba. Sun fi kula yara. In ma'aikaci ya ce ka koma wurinka, ka koma ba gardama.

Abinci kuwa, ana barin mutum ya shiga da nasa da ruwan roba wanda ba a buɗe ba, sai dai ka duba ƙa'idar girman jaka a shafinsu kafin ka fito. Wannan ya raba ka da tambayar wane nama ne a cikin burodi, ya kuma raba ka da tsadar cikin fili. Giya ana shanta sosai, in da iyali kake ka tambayi ɓangaren da ba a sha tun wajen sayen tikiti. Salla ma ka tsara ta. A lokacin zafi azahar a New York tana shiga wajen ƙarfe ɗaya, daidai ana tsakiyar biki, to ka zo da alwalarka. Tsakanin tashin tsofaffi da fara wasan gaske akwai ɗan lokaci da ake gyara fili, ya ishe ka ka sami lungu a baranda ta sama. Kada ka fita waje da nufin dawowa, in ka fita tikitinka ya gama aiki.

In ranar Yankees ta kuɓuce maka, akwai wasu. New York Mets da ke Queens sun farfaɗo da tasu a watan Agustan 2022, karon farko tun 1994, kuma a ranar suka ba jama'a mamaki da jingine lamba 24 ta Willie Mays. A garin Cooperstown, inda gidan tarihin besbol yake, tafiyar awa huɗu a mota daga Bronx, tun 2009 aka fara yin wasan tsofaffi, yawanci a ƙarshen watan Mayu, a ɗan ƙaramin filin Doubleday, kuma can mutum ya fi kusantar 'yan wasan nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake gida Najeriya ko Nijar ko Gana, yawancin bukukuwan nan suna YouTube. Ka rubuta sunan bikin da shekarar, ka fara da na 2015, sannan ka nemi bugun Appling na 1982, wanda gajere ne, ba zai ci maka data ba.